Tumatir Mai Ƙuraje

Makon jiya 'yata ta shigo gida da wata 'yar roba a hannu, ta ce a bakin titi ta saya, wai daga Jos ake kawo su. Tana ɗaga murfin ƙamshin ya iso ni kafin in ga abin da ke ciki. Sitirobari ne, manya, jajaye. Ta miƙo mini ɗaya, na karɓa na riƙe, ban ci ba. Ta tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau, kuma ina jin ba ƙarya na yi ba, sai dai ƙamshin ya mayar da ni gindin wani dutse tsakanin Kazaure da Roni, inda na yi ƙuruciyata.

Gara in faɗa maka tun yanzu, mai karatu, ba ni da shaidar abin da zan ba ka labari. Aikin gona na karanta a jami'a, kuma duk abokin aikin da na gaya wa cewa an taɓa yin sitirobari a ƙasarmu har ya ƙetare bazara, yakan yi mini murmushi irin na ladabi. Ban ga laifinsu ba. Da ni aka ba labarin, wataƙila haka zan yi.

Ni ɗan fari ne, saboda haka ana yaye ni aka kai ni hannun kakannina. Kakana, wanda muke kira Baba Tsoho, ya daɗe yana aikin lambu a gidan wani Bature a Jos. Da aka ba da mulkin kai Baturen ya tattara ya tafi, shi ma ya dawo gida. Abokan tafiyarsa sun dawo da keke ko rediyo. Shi ya dawo da gwangwanayen kananzir guda biyu, an yanke bakinsu an cika su da ƙasa, kowanne da tsiro a ciki. Da mutanen ƙauyenmu suka ga 'ya'yan, jajaye da 'yan ƙwayoyi manne a fatarsu, sai suka sa musu suna tumatir mai ƙuraje. Sunan bai taɓa yi masa daɗi ba, amma shi ya bi su.

Iri biyu ne a gwangwanayen. Ɗaya 'ya'yansa manya ne masu zaƙi, amma rago ne, sanyi na wucewa yake kwantawa, da ƙyar ake fitar da 'yan tsiraru daga bazara. Ɗayan 'ya'yansa ƙanana, tsami kamar tsamiya, sai dai yana da taurin rai. Burin kakana shi ne ya aurar da su, ya sami wanda ya ɗauko zaƙin wannan da juriyar wancan.

Na buɗe ido na tarar yana wannan aikin. Lambun yana bayan gari, inda dutse ke tare rana bayan azahar, ga rijiya, ga rumfar zana da ya kafa a kan tukwanen da yake shuka a ciki. Idan sanyi ya shigo sai fure ya fito, fari, mai kunnuwa biyar, tsakiyarsa rawaya. Da sassafe, kafin ƙudan zuma su tashi, yakan tsuguna ya zaɓi furen da bai gama buɗewa ba, ya buɗe shi da allura, ya cire 'yan sandunan da ke kewaye da tsakiyar, waɗanda yake kira maza. Sai ya ɗauko gashin zabuwa ya shafo rawayar ƙura daga furen ɗaya irin, ya goga a nan, ya rufe da ƙyalle mai shara-shara ya ɗaure. Hannunsa na rawa idan yana shan kunu, amma ban taɓa ganin ya yi rawa a kan fure ba.

Kakata, Iya, takan kawo masa kunun har lambu. Ta tsaya ta dube shi ta ce, "Malam, yau ma ɗaurin auren ne? Ba goro, ba shaidu?"

"Ga shaida nan," yakan ce, ya nuna ni da haɓa.

"Wannan mijin nawa da ko majina bai iya sharewa ba?"

Idan 'ya'yan sun nuna, sai ya kankare ƙwayoyin da ke fatarsu ya shuka a kasko. Abin da ya fi ba ni mamaki a lokacin shi ne babu tsiro biyu da ke fitowa iri ɗaya. Wani ya ɗauko uwa, wani uba, wani ba a san wanda ya ɗauko ba. Sai bazara ta zo ta yi zaɓenta. Kullum da safe muna kwashe matattu. Waɗanda suka rayu, idan sun haihu, tsami. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, ban san adadinsu ba, don an fara tun ban yi wayo ba.

Ina tsakiyar firamare, idan ban manta ba, aka sami shuka guda ɗaya da ta haɗa zaƙin da juriyar. Har yanzu ina iya siffanta ta. Ganyenta uku-uku ne kamar na 'yan'uwanta, gefensa kamar haƙoran zarto, amma ya fi kauri, ya fi duhu, ƙarƙashinsa da gashi mai laushi, kuma yana ɗan lanƙwasawa kamar tafin hannu idan rana ta yi zafi. Gajeriya ce, tana ɓoye 'ya'yanta a ƙarƙashin ganye, sai ka ɗaga ka gani. 'Ya'yan ba su wuce kan babban yatsa ba, amma ja ne har ciki, kuma tana rigan sauran nuna. Ƙamshinta kuwa, idan ka tsinki ɗaya da safe, har azahar yana hannunka. Ta ƙetare bazara a tsaye. Iya ce ta sa mata suna Gimbiya, ba don yabo ba.

A nan ne abin ya zama ɗauri. Mu manoman gero ne. Idan ka sami zangarniya mai kyau sai ka rataye ta, ka tafi inda za ka, damina ta zo ka shuka, gerenka ya dawo maka. Gimbiya ba haka take ba. Idan ka shuka ƙwayarta, abin da zai fito ba ita ba ce, sai ka koma ga tsami da ragwanci. Hanya ɗaya ce ta samun ta. Takan miƙa wani siririn zare ja, ya yi rarrafe a ƙasa, a ƙarshensa jaririya ta fito ta kafa saiwa. Wannan jaririyar ita ce Gimbiya sak. Kakana yana kiran zaren cibiya. Ya koya mini a danne jaririyar da ɗan tsinke a sabuwar tukunya, a jira, a ɗan ja ta a hankali. Idan ta ƙi tahowa, ta kama ƙasa ke nan, sai a yanke cibiya. Idan aka yanke da wuri ta mutu. Idan aka bar ta ta daɗe, ba ta koyon ci da kanta.

Ma'anar haka, Gimbiya ba ta da inda za a ajiye ta sai a raye. Ruwa safe da yamma, kuma a gefe, kada ya kwanta a zuciyarta ta ruɓe. Da damina a ɗora tukwane kan duwatsu. Da bazara a jiƙa zanar rumfa. A kori awaki. Ban taɓa ganin kakana ya kwana a wani gari ba. Kasuwar Kazaure ma tsaye yake cinta, idonsa na kan rana. Iya 'yar Babura ce, kuma duk abin da ya faru a danginta, na daɗi ko na kuka, ita kaɗai take zuwa, ta yi ta ba da haƙuri a madadinsa.

Sai shekarun arzikin man fetur suka zo. Aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, babura suka cika hanya, rufin kwano ya fara ƙyalli a ƙauyenmu. Mahaifina, wanda ke aikin gwamnati a Kano, ya biya wa kakana kujerar Makka. A shekarun nan aikin Hajji yana faɗowa ne cikin sanyi, daidai lokacin fure. Kakana ya ce a bari sai baɗi. Baɗi ta zo, ya sake cewa haka. Mutane suka fara magana a ƙofar masallaci, wai an kira shi ɗakin Allah ya ce yana ban ruwa. Ina jin maganar ta kai masa, don ya daina zama hira bayan la'asar.

A shekara ta uku ya yarda. Ranar da za su tashi ya kai ni lambu ya bi tukwanen da ni ɗaya bayan ɗaya, ko da yake babu abin da ban sani ba a ciki. Sai ya dafa kaina ya ce, "Kada ka bar ta ta kwana da ƙishirwa har in dawo."

Na ce, "To, Baba."

Bai dawo ba. Alhazan garinmu suka sauka da tsarabarsu, suka ce zazzaɓi ya kama shi bayan an gama aiki, a can aka binne shi. Kowa ya ce ya dace, kuma na yarda ya dace. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai kalmomi uku ne. Har in dawo. Da ya ce har ƙarshen sanyi, ko har ka girma, da na san ranar da zan sauke. Ya ɗaura alkawarin a jikin abin da ba zai faru ba, ni kuma na ce to.

Na fitar da ita daga bazarar nan ni kaɗai. Ina jan guga har tafin hannuna ya yi kanta. A aji ina zaune hankalina na kan rumfa, ko iska ta yaye zana. Yara suna tafiya kallon dambe a ƙauyukan Gwiwa su kwana, ni ina jin labari. Ba zan ce ina son ta ba a lokacin. Ba zan ce kuma ina ƙin ta ba. Idan na ɗaga ganye na ga sabuwar cibiya ta miƙe, daɗi da faɗuwar gaba tare suke zuwa mini, don ga wata tukunyar ta ƙaru.

Da damina ta yi nisa sakamakon jarrabawar gama firamare ya fito, na sami makarantar kwana. Mahaifina ya zo da akwatin ƙarfe. Da yake ni ɗan fari ne ba ya kiran sunana, ba ya ma dubana sosai. Ya zauna a zaure yana magana da Iya kamar ba na wurin.

"A gaya wa yaron nan ya shirya."

Na ce, ina duban tabarma, ba zan iya tafiya ba, Baba Tsoho ya bar mini amana.

"A gaya masa mai amanar ya riga mu gidan gaskiya."

Wannan na sani. Shi ne ma matsalar. Sai na ga Iya ta tashi ta shiga ɗaki. Ta fito da wata 'yar gora, irin wadda take ajiye irin kuɓewa da yakuwa, bakinta toshe da tsumma. Ta girgiza ta a kunnena.

"Maigida, kwantar da hankalinka. Na ajiye iri. Tun cikin sanyi na shanya na kankare. Ko ta mutu, ka dawo hutu ka shuka abarka."

Mahaifina ya ce, "To, ai shi ke nan."

Duk wanda ke ƙauyen nan abin da zai ce ke nan. An ajiye iri, magana ta ƙare. Ni kaɗai na san ba haka ba ne, ko dai haka na zata. Na buɗe baki in yi bayani, Iya ta ɗora gorar a hannuna ta matse yatsuna a kanta da ƙarfi, har na ji zafi. Ban san me ya hana ni magana ba. Wataƙila ladabi ne. Wataƙila kuma ina son akwatin nan fiye da yadda na yarda a lokacin. Na tafi.

Da na dawo hutun farko, tukwanen suna nan a jere, babu komai a ciki sai busasshiyar ƙasa. Gwiwoyin Iya ba sa kai ta rijiya. Ta sa yaran maƙwabta, su kuma suka riƙa kwara ruwa daga sama kamar ana ban ruwan albasa, zuciyar ta ruɓe. Na shuka abin da ke cikin gorar a kasko. 'Yan kaɗan suka fito, masu siraran ganye. Tun kafin su yi fure na san babu ita a ciki.

Na sami Iya tana kaɗi a inuwa, na ce mata, a hankali don kada ranta ya ɓaci, irin nan ba ya dawo da Gimbiya.

Ba ta ɗago ba. "Na sani."

Na tsaya ina kallonta.

"Ni da na kai masa kunu tun kafin a haife ka, kai za ka gaya mini? Uwata ta rasu a Babura, bai taka ba. Ya tafi Makka yana waiwayen tukunya. Gimbiya ta ci mutum guda, ta isa." Ta murza mazari ta sake shi yana juyawa. "Ranar da aka haife ka ma ni na riƙe aka yanke maka cibiya. Ba ka gode mini ba, kuka ka yi."

Ba mu sake tada maganar ba har ta rasu.

Yanzu idan na je gida nakan bi ta bayan dutsen. Wani ya sayi wurin, ya sa injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, yana noman tumatir na gaske, marar ƙuraje. Da irin wannan injin, yaro ɗaya zai shayar da lambun kakana kafin kunu ya huce. Na kuma karanta cewa a yau akwai yadda ake ajiye tsiro a kwalba shekara da shekaru ba tare da kowa ya tsare shi ba. Wani lokaci nakan ce da Gimbiya ta jira. Wani lokaci kuma in tuna wanda zai yi jiran tare da ita. Har yau ban iya yanke hukunci ba ko Iya ta yi daidai, ko da yake duk abin da na zama ta hanyar nan ya biyo.

Abu ɗaya dai na lura da shi a kaina. Idan zan yi tafiya na bar wa yara wani aiki, ko da ba wa kaji ruwa ne, nakan faɗi ranar da aikin zai ƙare. Nakan ce zuwa Juma'a, ko na dawo ko ban dawo ba. Suna yi mini dariya, wai Baba ya cika tsoro. 'Yata ma da ta ga na daɗe riƙe da sitirobarin nan, cewa ta yi in ci mana, ko in ba ta abinta. Na ci. Yana da zaƙi, ba laifi, amma cikinsa fari ne.