Babban Yatsan Sassauta

Sassauta ake ce masa, don kalmar da ta fi yawa a bakinsa ke nan. Direban motar yashi ne. Wataƙila ba ka taɓa shiga irinta ba: ba ƙofa, ba gilashi, ƙarafa ne kawai aka lanƙwasa kamar keji, ga inji a baya tsirara yana ta ɓaɓatu. Baƙi ke zuwa a kai su kan tuddan yashin da ke bayan gari, a hau a gangaro da su, su dawo da yashi har cikin haƙora suna dariya.

To, kafin a hau yashi sai an rage wa taya iska ta ɗan baje, in ba haka ba mota ta nutse. In kuma an rage ya wuce kima, taya ta kwaɓe daga wili ana tsakiyar kwana. Sauran direbobi da geji suke aunawa. Shi kuwa sai ya tsuguna, ya danna gefen taya da babban yatsa, ya ce, "Sassauta." A saki iska, ya sake dannawa, ya ce, "Ya isa." Haka ya yi ta yi har furfura ta fito masa.

A gida ma motoci ne, amma ƙanana, na roba, irin masu zuwa a kwali gutsi-gutsi mutum ya haɗa da kansa. Teburinsa na bakin taga, da reza, da matsefata ta ɗaukar ƙananan gutsattsari, da gam da yake ɗiba da bakin tsinke, da kwalaben fenti 'yan mitsi-mitsi. Sitiyarin wata motar bai kai farce ba. Matarsa takan tsaya a kansa ta ce, "Maigida, wannan dai ba za ta kai ni kasuwa ba."

Ya ce, "Ba ta kuma shan mai, maman yara. Ki gode."

Yana da wani abu da yake yi a ƙarshen kowace mota. Sai ya kunna dutsen guga, ya juya shi fuska sama, ya shimfiɗa takarda, ya ɗan danna gindin kowace taya a kai har ta baje kaɗan. Wai motar da ta tsaya a kan taya zagayayya kamar ƙwallo ƙarya ce, ba a ɗora mata nauyi ba.

Sai ciwon suga ya shigo. Ya fara da ƙafa, ya hau zuwa yatsu. Ya riƙa jin hannunsa kamar yana cikin safa. Bai gaya wa kowa ba. Yana danna taya yadda ya saba, yana cewa ya isa, alhali ba abin da yatsan ke gaya masa. Geji kuwa yana rataye a gareji, amma ina, mutumin da ake kira ya duba wa wasu taya, shi zai ɗauki geji a gaban yaran da ya koya wa tuƙi?

Ran nan a gangaren wani tudu tayar baya ta kwaɓe, mota ta kwanta a gefe. Ba wanda ya mutu, amma baƙon da ya ɗauko ya karye a hannu. Mai gareji ya karɓi makulli a hankali, ya ce, "Baba, je ka huta. In hannu ya dawo, motarka tana nan."

Magana ce irin ta sallama, kowa a wurin ya gane. Shi kaɗai ya ɗauke ta alkawari.

Ya je ya sayo kwalin motar yashi irin tasa sak. Ya ce wa matarsa, "In na haɗa wannan tsaf, na kai na ajiye wa mai gareji a tebur. Hannun da ya haɗa wannan ai ba a ce masa ya mutu ba."

Ta ce, "Allah ya sa."

Aikin da a da yake gamawa cikin mako ya ci watanni. Abu ya suɓuce daga matsefata, bai sani ba sai ya ga wayam. Gam ya malale masa a yatsu. Ita kuma ta daina zubar da shara sai ta tsince ta a hannu, ta samo ɗan madubin motar ko fitilarta, ta mayar kan tebur. Da kyar da jiɓin goshi motar ta tashi. Kejin ya ɗan karkace, amma daga nesa ba laifi. Saura taya.

Da hantsi ne. Ya kunna dutsen guga, ya ɗora tayar farko, ya danna, ya zuba mata ido yana jira ta baje. Matar tana shanya a waje ta ce, "Me ke ƙonewa?"

"Roba ce."

Ta shigo ta tsaya. "Maigida, wannan ba warin roba ba ne."

Babban yatsan nan yana kan ƙarfen, gefen takarda. Ita ta fizge hannun. Fata ta riga ta yi fari ta saɓule, tayar kuma ta narke har rabi. Ya ɗaga yatsan yana dubawa kamar na wani ne aka miƙo masa ya gani. Ta tsoma masa shi a ruwa tana kuka. Ya ce, "Bar kukan, ai ba zafi."

Ta ce, "Shi ne nake wa kukan."

Bai kai wa mai gareji motar ba. Tana nan a kan kantar ɗaki cikin sauran motocin, taya uku zagayayyu, ɗaya narkakkiya, ta kwanta gefe. Teburin ma an mayar da shi wurin ajiye kwanuka. Mai gareji ya zo gaisuwa sau ɗaya, ya ɗauki motar ya jujjuya, ya ce, "Baba, wannan ai ta yi kyau."

Ya ce, "Ba a gama ta ba."

Yanzu yana zaune a ƙofar gida yawancin yini. In mota ta tsaya kusa, sai ka ga idonsa ya sauka kan taya, babban yatsan yana danna gwiwarsa.