Harafi Mai Wutsiya a Jirgin Kawu

Zamanin muna Jihar Sakkwato, ina koyarwa a firamare a Wara, Kawu ƙanin Innata ya sassaƙa sabon jirgin fito. Shekara da shekaru yana tuƙa na wasu a tafkin Kainji, wannan ne nasa na farko. Akwai wani shugaban ƙasar Larabawa da yake mutuwar so tun da ya fara jinsa a rediyo, sai ya ce sunansa za a rubuta a jikin jirgin, da boko, don kada kowa ya rena shi a mashaya, inda jirage ke tsayawa.

Ya ce mini, "Kai ne malam, sai ka rubuta muna shi daidai."

Ni kuwa lokacin kaina ya yi girma, wallahi. Na hau mota har Yelwa na tattaro jaridun Turanci. Tashin hankali! Wata ta fara sunan da G, wata da K, wata da Q, wata ma ta maƙala masa El a gaba. Mutum ɗaya fa! Masu jarida ba su da laifi sosai, harafin Larabci ne da Turanci bai da shi, kowa sai ya kama wanda ya fi kusa da kunnensa. Amma in koma in ce wa Kawu ban sani ba? Haba. Na zaɓi Q, don kawai ya fi kama da na masu ilimi, na zana shi da jan fenti.

Ranar da aka sa jirgin a ruwa, ɗalibaina suka taru suna haɗa baƙi. Babu Q a karatun Hausa, sai suka karanta shi O, suna tambayar wutsiyar mece ce a ƙasansa. Matuƙa suka kwashe da dariya. Kafin azahar jirgin ya zama Mai Wutsiya, har mata masu kifi suna cewa a jira musu Mai Wutsiya. Kawu yana murmushin yaƙe, ni kuwa na san abin ya sosa masa rai.

Da la'asar ya kira ni gefen jirgin. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi, da na fi samun sauƙi.

"Wanga harafi, haka mai sunan ka rubuta shi?"

Na ce a'a, da Larabci yake rubutawa.

"To, ba ni burushin."

Ya durƙusa cikin ruwa har gwiwa, ya ja sunan daga dama zuwa hagu, da wasali da komai. Ya miƙo mini burushin ya ce, "Na aza naku ya fi namu tabbas, shi ya sa na sa ka."

Kunya ta rufe ni. Duk takardar ofis da ta taɓa zo masa ni nake cikawa, kuma ni nake kama babban yatsansa in dangwala masa a tawada, ban taɓa tambayarsa ko ya iya rubutu ba.