Tsintsiya da Fayil Mai Layi Dubu Tara

A ofishinmu Tsintsiya muke ce mata, kuma ba ta taɓa jin haushi ba. Gajeriyar mace ce, ta ba hamsin baya, kullum gilashinta na kan goshi tana nemansa a kan tebur. Da can malamar lissafi ce, sai da 'ya'yanta suka girma ta koyi rubuta manhaja. Teburina na manne da nata. Ƙanwata take ce mini, ni kuma ina ce mata Yaya.

Aikinmu kula da shafin da marasa lafiya ke neman ranar ganin likita a wani asibiti. Wanda ya fara rubuta shi ya zuba komai a fayil ɗaya, layi dubu tara, ya yi gaba abinsa. Kowa tsoron fayil ɗin yake, domin in ka taɓa maɓalli a nan sai kalanda ta rikice a can. Da shugaban sashe ya tambayi wanda zai gyara, duk muka sunkuyar da kai. Ita ce ta ce a ba ta.

Wata biyu ta yi tana tsince shi layi-layi. Ta gano cewa ɗan aikin da ke lissafa kwanan wata an kwafe shi sau bakwai, kuma babu biyu da suka zo ɗaya. Shi ya sa wasu tsofaffi ke zuwa ranar da likitansu ba ya nan. Wannan ya ƙona mata rai, don mahaifiyarta ma ta taɓa wuni a kan benci a banza. Ta ware aikin a fayil nasa, ta sa masa alamar fitarwa, sauran fayilolin kuma kowanne ya rubuta a samansa abin da zai shigo da shi da inda zai ɗauko. Haka ta yi wa ajin likita da ajin majiyyaci, wato tsarin da ke riƙe bayanan kowannensu. Ta ce mini ai zaman maƙwabtaka ne, ba sai kowane gida ya sayi tsani ba, a dai san gidan da yake.

Ranar gwaji shugaba na tsaye a bayanmu, ta buɗe shafin a burauza, sai allo ya fito fari fat. Gabana ya faɗi. Ita kuwa ta karanta jan rubutun da ya fito a ƙasa, ta bi fayilolin da yatsa, sai ta kama dariya. Ashe fayil ɗin likita na shigo da na majiyyaci, na majiyyaci na shigo da na likita, kowanne yana neman ɗan'uwansa tun bai gama tashi ba.

"Surukai biyu ne a bakin ƙofa," ta ce wa shugaba. "Wannan na cewa shiga, wancan na cewa a'a, kai dai fara shiga. Laifina ne, ranka ya daɗe. A ba ni rabin awa."

Ta kwashe abin da dukansu ke buƙata ta zuba a fayil na uku, kowa ya ɗauka daga can. Shafi ya buɗe tas, shugaba ya fita yana ta murmushi.

Bara ta ajiye aiki saboda ciwon ido, ta koma kusa da babbar 'yarta. A saman kowane fayil ta bar bayanin abin da ke ciki, wani wurin har da ban haƙuri ga wanda zai zo bayanta. Matar da ta gaji teburinta ba ta taɓa ganinta ba, amma makon jiya ta roƙe ni lambar wayarta, wai tana so ta gaishe ta.