Jan Fenti a Bangon Gidan Uba

Jan Fenti ake ce masa, kuma yana amsawa. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ofishin tsara gine-gine na gari, a sashen masu duba aiki. Kullum da safe zai ɗaure gwangwanin fenti da buroshi a bayan babur, ya soke tef ɗin awo a aljihu, ya bi layi-layi. Inda ya ga yashi da bulo jibge a ƙofar gida sai ya tsaya, ya yi sallama, ya ce a nuna masa takardar izini. In akwai, ya duba ya yi musu fatan gamawa lafiya. In babu, ya zana wa bangon jan kuros, ya rubuta a ƙarƙashinsa: A DAKATA.

Dogo ne siriri, mai ɗan ranƙwafawa, kamar kullum harsashin gini yake leƙawa. Ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya, ba ya kuma karɓar ko sisi. Wannan na ƙarshen ya fi ɓata wa mutane rai, don mai karɓa ana iya shiryawa da shi. Matarsa malamar firamare ce mai son tsokana, takan ce masa, "Kai ko dubiya ka je gidan mutane, sai sun ɓoye shebur kafin su amsa sallama." Sai ya yi murmushi ya ci gaba da goge fenti daga farcensa.

Ba da wannan tauri aka haife shi ba. A shekararsa ta biyu a aiki aka kira su wata kasuwa inda mai shago ya ɗora ɗaki biyu a kan tsohon gini, ba zane, ba izini. Ruwa ya kwana uku yana zuba, ginin ya zauna da tsakar rana. Da hannu suka yi ta janye bulo. Shi ya fara kaiwa ga gawar matar da ke ɗinki a shagon ƙasa, tef ɗin awonta na rataye a wuyanta, irin nasa sak, sai dai nata mai laushi ne. Bai taɓa ba kowa labarin ba sai matarsa, ita ma sau ɗaya.

Duk wanda ya tsaya ya saurare shi, yakan yi masa bayani dalla-dalla. Fenti, tayil, canza famfo ko ƙyauren ƙofa, ba ruwan ofis da su. Amma rushe bango, ɗora bene, haƙa ramin masai, ko tura gini zuwa bakin titi, sai da takarda. "Abin da zai iya faɗowa kan mutum, ko ya shiga haƙƙin maƙwabci, shi ne namu," in ji shi. "Sauran naku ne."

Ƙane ɗaya gare shi, Auta, bakanike, wanda ya ba shekara tara. Shi ya goya shi, shi ya koya masa keke. Da Jan Fenti ya yi aure ya fita, Auta ne ya zauna a gidan da ubansu ya bari, shi da tsohuwarsu, da matarsa, da 'ya'yansa mata biyar. Ɗaki biyu ne da falo. Uban lebura ne a tashar mota, da hannunsa ya gina gidan, bulo goma yau, ashirin wata mai zuwa. Jan Fenti na yaro ya ɗebo ruwan kwaɓin, don haka ya san abin da ke ƙarƙashin ƙasa: harsashin bai kai gwiwa ba, kuma babu ginshiƙi ko ɗaya.

Wata Asabar ya je gaida tsohuwa, ya tarar da rodi a jingine a tsakar gida. Auta ya fito yana goge baƙin mai daga hannunsa, fuskarsa cike da fara'a.

"Yaya, sama zan hau. Ɗaki ɗaya kawai, na 'yan matan nan. Babbar ta kai sha shida, har yanzu kan tabarma take kwana a falo, ƙafarta a bakin ƙofa."

"Ka nemi takarda?"

Auta ya yi dariya. "Mai ɗan'uwa a gindin magarya ai ba ya cin ɗanya. Kai ne takardar tawa."

"Auta, bangon nan ba zai ɗauka ba. Sai an tona an zuba ginshiƙai huɗu tukuna. Ka bari in kawo injiniya ya gani."

"Ginshiƙi huɗu da me? In na yi su, ɗakin ya tafi kenan. Shekara arba'in bangon nan na tsaye, ko tsagewa bai yi ba."

"Kwano yake ɗauke da shi. Kwano daban, dakin na kankare daban."

"To ka kau da ido. Layinmu ba ya cikin zagayenka ma."

Jan Fenti ya ɗauki makullin babur ɗinsa. Daga baya ya sha tuna wannan lokacin. Da ya zauna a ranar, ya sha ruwa, ya bi ƙanensa a hankali har ya fahimta, wataƙila da labarin ya canza. Amma sai ya miƙe ya ce, "Na dai faɗa maka," ya hau babur. Auta ya ɗauki wannan a matsayin ya ji ya ƙyale.

Mako uku bayan nan shugaban sashe ya kira shi ofis, ya rufe ƙofa, ya tura masa fayil. Wani maƙwabci ne ya kawo ƙara, wai tagar sabon bene tana kallon tsakar gidansa. Jan Fenti ya ga lambar gidan, ya gane ta nan take.

"Na san gidanku ne," in ji shugaban. "Zan tura wani."

Jan Fenti ya san abokan aikinsa. Ɗaya zai je a cusa masa wani abu a aljihu ya dawo ya rubuta komai lafiya, 'yan mata biyar su hau su kwanta a kan bangon da ba shi da ƙafa. Ɗayan kuwa da motar rusau zai je, ya haɗa har da ɗakin tsohuwa.

"Ni zan je, ranka ya daɗe," ya ce.

Da hantsi ya isa. An cire kwanon ɗaki ɗaya, an zuba dakin, bulo ya kai layi shida a sama. Magina suna ganinsa suka sauko ɗaya bayan ɗaya. Ya buɗe gwangwani, fenti ya ɗiga a takalminsa. Tsohuwa ta fito tana dafa bango, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Babba, bangon ubanku ne fa."

"Na sani, Inna."

Ya ja layi ɗaya, ya ja na biyu, ya rubuta kalmomin. Maƙwabta sun fito sun yi cirko-cirko. Da ya juyo sai ya ga Auta a bayansa, sifana a hannu, an kira shi daga gareji. Bai yi zagi ba, bai ɗaga hannu ba. Ya dubi bangon, ya dubi wansa.

"Ka gama, ma'aikaci?"

Wannan ce maganar ƙarshe da ya yi masa.

Auta bai jira ofis ba. Shi kaɗai ya hau ya sauke bulon nan ɗaya-ɗaya, ya sa aka fasa dakin, ya mayar da kwano. Kuros ɗin kuwa ya hana a goge, ya bar shi rana da ruwa suka cinye. 'Yan mata biyu aka tura wajen ƙanwar uwarsu a wani gari, ƙaramar ta yi kuka har muryarta ta dishe. Jan Fenti ya roƙi wani injiniya abokinsa ya zana yadda za a zuba ginshiƙan a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ya aika da zanen a ambulan. Ambulan ya dawo a rufe, da tambarin babban yatsa na baƙin mai a kusurwa.

Yakan je gaida tsohuwa a lokacin da ya san Auta na gareji. Ta yi ta ƙoƙarin haɗa su har ta gaji. "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar," takan ce wa kowannensu, kowanne ya sunkuyar da kai ya ce to. Da ta rasu, sun zauna a tabarma ɗaya ana yi musu gaisuwa, mutum uku a tsakaninsu.

Abin da ya fi cin ransa bai faɗa wa kowa ba. A ƙarshen layin akwai wani gida tsaran nasu, shi ma an ɗora masa bene ba takarda, wani ma'aikacin ya kau da ido. Shekara na bin shekara, benen na tsaye, har da tukwanen furanni a baranda. In Jan Fenti ya zo wucewa sai ya rage gudu yana bin bangon da ido. Ranar da ya gane tsagewa yake nema, wato so yake ginin mutane ya nuna alamar faɗuwa don ya wanke shi, kunya ta kama shi, ya canza hanya.

Da ya yi ritaya bai iya zaman gida ba. Ya sami benci a inuwar wata bishiya daura da ofishin, yana cika wa mutane fom kyauta, yana faɗa musu wane aiki ke son izini, wane ne ba ya so. Da yawa ya mayar gida da murna, ashe ba sa bukatar komai. Waɗanda a da suke ɓoye shebur, yanzu su ke kawo masa 'ya'yansu.

Shekara goma sha uku da shafa fentin, wata mata ta tsaya a gabansa da kayan ma'aikatan asibiti. Sai da ta ce "Baffa" sannan ya gane babbar 'yar Auta ce.

"Baba ne ya faɗi a gareji, wata guda kenan. Ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya magana. Keken da muka samo ba ya shiga ƙofar banɗaki. Muna so mu fasa bangon da ke tsakanin ɗakinsa da banɗakin." Ta ƙara da cewa, "Mama ta ce kada a taɓa komai sai an tambaye ka."

"Wata guda," ya ce a hankali. Sannan ya tattara biransa. "Wane bangon? Mu je in gani."

Gidan ya ƙanƙance a idonsa. Ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, ya leƙa saman silin, ya ce wannan shi ke riƙe da katakon rufi, sai an sa masa ƙarfe a sama kafin a fasa, kuma sai da takarda. Gangaren da za a yi wa keke a bakin ƙofa kuwa, a yi shi yau ma in an so. Duk wannan ya faɗe shi a tsaye a falo, yana jan lokaci. Matar Auta ta ɗaga labule ta ce, "Yaya, shiga mana."

Auta na kwance, ya rame, gefen bakinsa ya karkace. Hannun da ya saba kwance injin mota yana ajiye a kan bargo kamar ba nasa ba.

"Auta, ni ne."

Ido ya tsaya a kansa na ɗan lokaci, sannan kan ya juya bango. 'Yar ta ce da sauri, "Haka yake yi wa kowa, Baffa, wuyan ne." Bai tambaye ta ko gaskiya ne ba.

Ya bi layi a ofishin da ya yi wa aiki shekara talatin da ɗaya, ya ƙi yarda a shigar da shi ta baya. Kwana tara takarda ta fito. Ya tsaya a kan magina har aka ɗora ƙarfen, aka fasa bangon. Da aiki ya ƙare bai daina zuwa ba. Kowace safiya shi ke ciccibar ƙanensa ya sa a keke, ya tura shi ƙofar gida ya sha hantsi, ya goge masa baki, ya ba shi labarin motocin da ke wucewa, yana kuskuren sunayensu da gangan ko zai ga ya motsa gira.

Wata safiya, layi ba kowa, ya tsugunna a gaban keken.

"Auta, ba zan yi maka ƙarya ba. Ko yau aka maimaita, zan shafa. Amma da na fara zuwa na zauna da kai. Da ban bari ka ji a bakin buroshi ba. Wannan laifina ne."

Wani sauti ya fito daga maƙogwaron Auta. Hannunsa mai lafiya ya ɗago ya damƙi hannun rigar wansa, ya riƙe gam. Jan Fenti ya kasa gane ko jawo shi yake ko ture shi. Ya dai tsaya a haka har gwiwoyinsa suka yi tsami.

Wata huɗu ya yi yana wannan jinyar. Auta ya cika ran wata Talata da safe, kafin wansa ya iso.

Bayan mutane sun watse, ya zo yi wa matar ƙanensa sallama. Tana zaune a bakin ɗaki tana ninke kayan mamacin. Ba ta ɗago ba ta ce, "Yaya, duk damina in ruwa ya tsananta, sai ya yafa buhu ya fita, ya zagaya gidan nan yana shafa bango. Ya dawo jiƙe sharkaf."

"Me yake cewa?"

"Ba ya cewa komai. Sai ya ce in ba shi tawul."

Jan Fenti ya gyaɗa kai. Ya fita ya riƙe babur ɗinsa, ya ga ba zai iya hawa ba, sai ya tura shi da ƙafa har gida. Matarsa ta buɗe masa ƙofa, ta dube shi, ta karɓi makullin daga hannunsa, ta jawo masa kujera.