Ƙuben da Baba Ya Ɗinka wa Ɗan Wasan Italiya

Baba bai taɓa kallon ƙwallo ba a rayuwarsa. Shi dai a ba shi allura da zare, ya miƙe ƙafa a zauren gidanmu na Zariya, ya yi ta ɗinkin ƙube tun hantsi har la'asar. Yana da wata ƙa'ida da duk unguwa ta sani: ba ya fara ɗinkin sabuwar hula sai ya ga wadda ya gama a kan mai ita. Ko a Kaduna mutum yake, sai ya zo ya sa a gabansa, Baba ya zagaya shi, ya gyara mata zama, sannan ya sallame shi.

Lokacin da korona ta zo ina Doha, ina tuƙa motar ɗaukar ma'aikata daga Wakra zuwa Ain Khalid. A gida aka rufe kasuwa, aka hana biki, masu sa hula suka ɗauke ƙafa. Baba ya rufe gwangwanin allurarsa ya shige ɗaki. Aka buɗe gari, shi bai fito ba. Ƙanwata ta ce mini a waya, "Yaya, Baba fa ba ya zama zaure yanzu. Abinci ma sai an yi da gaske." Ba ciwo yake yi ba, zaman ne kawai ke cinsa. Na ji tsoro ƙwarai, ga shi ba halin zuwa.

Ɗakina ɗaya da wani Bakano mai aikin gadi, mutum mai baki kamar reza. A watannin kulle ba mu da abin yi in mun tashi aiki sai kallon tsofaffin wasanni a waya, kuma a nan na kamu da son wani ɗan wasan tsakiya na Italiya. Gajere ne, ni ma gajere ne, to ka ji mafari. A wata ƙaramar ƙungiya ya taso a ƙasarsu, tun yana ɗanyen saurayi wata babba ta ƙasar waje ta ɗauke shi, ya shekara da shekaru a can yana tara kofuna. Ba ya cin ƙwallo sai jefi-jefi. Aikinsa shi ne ya karɓe ta a inda ko ni da nake kwance a katifa sai gabana ya faɗi, ƙarti uku sun rufe shi, ya juya nan, ya juya can, ya sulale ya miƙa ta ga wanda ba ka ma lura yana wurin ba. Ga shi da tsiwa! In alƙalin wasa ya busa masa, sai ya bi shi yana haɗa yatsu yana zuba har ya ja wa kansa kati.

"Mutuminka ya fi kowa tara katin gargaɗi," in ji Bakano.

"Kai dai ba ka san ƙwallo ba. Ku Kanawa in ba a zura a raga ba ba ku ga komai ba."

Da Italiya ta ɗauki kofin nahiyar Turai, mutumina na tsakiya yana raba ƙwallo, sai da na yi mako guda ba a jin kunne a ɗakin. Ga gasar duniya tana tafe nan Doha, ƙofar gidanmu. Zakarun Turai ai ba a tambayar ko za su zo. A cikin wannan murna dabara ta faɗo mini.

Na kira gida na ce a ba Baba. "Baba, wani babban mutum ne ɗan Italiya zai zo nan baɗi, yana son ƙube na hannu. Na ce masa in ba naka ba, kada ma ya sa."

Ƙarya na yi, Allah Ya yafe mini. Baba ya ce, "Aiko da hotonsa. Tsayin hula daga fuska ake ganewa. Kuma a auno kansa."

Hoto ba wuya. Awo ne ya tsaya mini a wuya. Muka tsayar da wasa a waya muna ƙare wa kan mutumin kallo, gaba da ƙeya. Bakano ya rantse shi da mutumin kansu ɗaya, wai duk mai basira haka kansa yake. Na san Kanawa da cika baki, amma ban da wata mafita. Na ari tef wurin telan Bangaladash da ke ƙasan benenmu, na zagaya kan Bakano, na tura lamba da hoto gida.

Bayan kwana uku ƙanwata ta turo mini hoto: Baba a zaure, ƙafa a miƙe, shuɗin zare a baki. Na ajiye motar a gefen titi na daɗe ina kallonsa.

Wata huɗu ya yi a kanta, don idonsa ya rage. Wani ɗan garinmu da ya dawo daga hutu ya taho mini da ita a cikin kwali. Kai, hula! Shuɗiya da ratsin fari, ɗinki ya zauna daram, in ka juya cikinta ba ka ganin ko bakin zare ɗaya.

Ba a yi wata biyu ba, ina goge gilashin mota da safe, sai ga Bakano ya dawo daga aiki. Ya cire hular gadi, ya durƙusa a gabana, ya langaɓe kai. "Ya haƙuri? Allah Ya ba da dangana." Wata ƙaramar ƙasa, wadda sai ranar na fara jin sunanta, ta fitar da Italiya a wasan share fage. Zakarun Turai ba za su zo ba, karo na biyu ke nan a jere. Na jefe shi da tsumman hannuna, amma ba ƙwallon ce ta dame ni ba. Baba ya gama hula, ya sake rufe gwangwani, yana jiran ya gan ta a kan mai ita.

Duk Juma'a tambaya ɗaya ce. "Mai hula ya zo?"

"Yana hanya, Baba."

Gasar ta zo, Doha ta cika ta batse. Aka mayar da ni jigilar 'yan kallo, masu ganga, masu fenti a fuska, kowa na yalla yalla, wato a yi sauri. Hular tana ƙarƙashin kujerata a kwalinta, ko Allah zai sa mutumin ya zo kallo. Bakano ya kawo shawara: ga Turawa nan kamar ƙasa, in kama wani gajere in ɗora masa, a ɗauki hoto, shi ke nan. Wata rana har na hango wani daidai misali a bakin kasuwar Wakra, na ciro kwalin. Sai na tuna wata huɗu Baba ya yi da hoton fuskar nan a gefen tabarmarsa. Na mayar da kwalin, kunya ta ishe ni.

Aka gama gasa, aka kwashe tutoci, shekara ta juya. Baba ya daina tambaya, kuma wannan ya fi tambayar ciwo.

Ranar da labari ya fito cewa mutumin ya bar Turai ya sa hannu da wata ƙungiya a nan Doha, ban yarda ba sai da na gan shi riƙe da rigarsu. Masana suka yi ta cewa ya yi gaggawa, da sauran ƙwallo a ƙafarsa. Ni kuwa sujada na yi. Bakano, duk iya shegensa, shi ya yi ta bin manajansu har aka mayar da shi gadin ƙofar filin atisayen ƙungiyar a wajen Nu'aija. An hana su damun 'yan wasa, amma ba a hana shi gaya mini inda zan tsaya ba.

Bayan la'asar na je, na sha farar shadda, na shiga cikin masu jira da rigunan ƙwallo. Mota ta fito a hankali, aka sauke gilashi. Shi ne! Ashe ma ya fi yadda nake zato ƙanƙanta. Yana ta sa hannu a riguna, layi ya zo kaina, na miƙa masa hula da hannu biyu. Mutumin nan sai ya karɓa, ya dafa ta a kan sitiyari, ya cire murfin alƙalami.

"A'a! A'a! A'a!" Ban san lokacin da na cafke hannunsa ba. Wata huɗu na idon Baba za a zana wa tawada? Bakano ya taho da gudu, wai zai janye ni, yana raɗa mini, "Za ka sa a kore ni, Bazazzagin banza!" Na nuna hular, na nuna kaina, na nuna kan ɗan wasan. Sai ya gane, ya yi dariya, ya ɗora.

Hula ta wuce goshi, ta wuce gira, ta sauka a kan kunnuwa ta lanƙwashe su. Hanci da haƙora kawai ake gani. Jama'a suka fashe, shi ma yana ƙyaƙyatawa, ya tura ta baya, ya dafa ƙirji ya faɗi wata kalma da yarensu. Na ɗauki hoto. Na waiga na dubi kan Bakano, a ranar na lura da girmansa sosai.

A cikin mota na tura hoton, na kira ta bidiyo. Ƙanwata ta shiga ɗakin Baba ta riƙe masa wayar. Ya kawo ta dab da idonsa, ya daɗe.

"Wa ya yi awon nan?"

"Ni ne, Baba."

"Kan wa ka auna?"

Na faɗa masa gaskiya, da yadda na cafke hannun mutumin, har da ta farkon, cewa ba mutumin ne ya aiko ni ba.

"Wannan na sani tun ranar," in ji shi. "Bature ina ya san ƙube? Na dai ga kana so in tashi ne." Ya sake duban hoton, ransa ya ɓaci da gaske. "Amma tunda nake ban taɓa yin hular da ta haɗiye wa mutum kunne ba. Yanzu haka zai shiga garinsu a ce aikin Zariya ne? Ka koma ka auno shi da zare, kansa shi, ba na wani ƙato ba."

"Baba, ai ba a kama irin waɗannan mutane a zagaya musu zare."

"Ka kama hannunsa ai. Ke, miƙo mini gwangwanin nan, ki shimfiɗa tabarma a zaure."

Ƙanwata ta ajiye wayar a kan gado ba ta kashe ba, ba na ganin komai sai rufin ɗaki. Ina jin takunsa yana fita, yana faɗa shi kaɗai a kan yaran yanzu da ba su iya awo ba. Na kifa kai a sitiyari ina dariya, hawaye na zuba a kan shaddata.