Ranar da Aka Yi wa Mota Jinka

Wata Laraba ce cikin damina, shekarar da na gama ajin CE2, aji huɗu na firamare, muna hutun lakwal, wato makaranta. Ina tsaye a ƙofar gidanmu, a wani ƙauye na ƙasar Buza, da ƙwaryar hura a kaina zan kai gona, sai na ji muryar kakata Hajo tana tashi daga tsakar gida. Kwana da kwanaki ba ta ɗaga murya haka ba, don ƙayar aduwa ta soke ta a dunduniya, ƙafar ta kumbura ta yi sheƙi, zazzaɓi kuma ya kwantar da ita. Majo, malamin jinya na ƙauyenmu, ya duba da safe, ya ce aikin ya fi ƙarfinsa, a kai ta likitar Buza, wato asibiti, tun rana ba ta faɗi ba. Mota ɗaya ce a garin duka, ta Baba Idi ƙanen mahaifina, ita ce kuwa Kaka ta ce ba ta shiga, don ba ta da rufi. "Abin da ba shi da ruhi bisa, makara ce," in ji ta. "Ku bari in mutu tukuna, sannan ku aza ni."

Baba Idi direba ne, yana kwaso motoci daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano. A wannan shekarar ya zo gida da wata 'yar jar mota mai kujeru biyu kacal, gajera har cikinta na shafar duwatsun hanyarmu. Ya iso da rufinta a kai, amma washegari shi da abokansa suka cire rufin suka ajiye gindin rumbu, wai don a sha iska. Tun daga nan rufin ya zama namu. Inna tana shanya kuɓewa a kansa, kaji suna fakewa a ƙarƙashinsa, mu kuma in mun gama surfe da ɗibar ruwa sai mu kore su mu rarrafa ciki mu yi wasan gida. Mun sa masa suna ƙoƙon kunkuru. Ni abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wasu ƙarafa biyu kamar haƙora da ke bayansa, da maƙalai biyu a gaba masu buɗewa su rufe. Nakan kwanta rigingine ina taɓa su, ina tambayar kaina wane irin mutum ne zai ƙera ɗaki da nufin a riƙa sauke masa kai.

Babu wanda ya yi wa Kaka gardama, abin da har yau nake juyawa a raina. Mahaifina bai ce da ita camfi ne ba. Ya dai dubi ƙanensa, Baba Idi ya ɗauki galan ya tafi neman esansi, wato man mota, ya ce yana dawowa za a mayar da rufin. Amma hadari ya fara haɗuwa ta gabas, Kaka tana nishi, mahaifina bai iya jira ba. Ya fita ya yi kira irin wanda ake yi in za a ɗaga jinkar rumbu, maza suka baro hauya a gonakin bakin gari suka taho. A cikinsu akwai tsoho Nomau, wanda ba a aza jinka a unguwarmu sai da muryarsa. Ya zagaya rufin, ya ƙwanƙwasa shi, ya ce wannan ai ko jinkar akurki ta fi shi nauyi. Ni aka saka cikin motar, don ni ce ƙarama, in duba ta ciki in faɗa musu in ya zauna.

Suka kama shi ta kowane gefe, Nomau ya yi bismilla, suka ɗaga shi sama da kawunansu yadda suka saba, kashin kaji yana zubo musu. Sai tambaya ta taso, wadda ba su taɓa yi ba a rayuwarsu, domin jinka zagaye take, duk yadda ka aza ta daidai ne: ina gaba, ina baya? Nomau ya nuna gilashin da ke jikin rufin. "Ido gaba shike, ba ƙeya ba," ya ce. Kowa ya yarda. Na ga sama tana rufewa a kaina sannu a hankali, haske ya koma siriri, warin kaji da roba mai zafi ya cika mini hanci. Rufin ya hau kan gilashin gaba ya tsaya a karkace, bayansa a buɗe. Suna ta tambayata ko ya zauna, ni kuwa ina ganin haƙoran nan biyu suna lilo gaban goshina, ba ramin da za su shiga. Wani ya kawo shawarar a ɗaure da igiya, wani ya ce a danne da dutse.

Haka Baba Idi ya tarar da mu. Ya ajiye galan, ya riƙe ciki yana dariya har ya durƙusa. "Baba Nomau, kun sa mata hula baibai!" Nomau bai ji haushi ba, ya ce, "To, ashe wagga jinka alƙibla gare ta." Aka sake ɗagawa, aka juya shi a sama, mutane suna taka ƙafafun juna. A wannan karon na ga haƙoran sun nufi wasu ramuka biyu bayan kujeru, waɗanda na sha zura yatsa ciki ban san amfaninsu ba. Suka shige kamar an kira su. Baba Idi ya leƙo, ya ja maƙalan gaba, suka ce ƙas, ƙas. Hayaniyar waje ta yi nisa nan take.

Aka ɗauko Kaka a kan tabarma. Kafin ta yarda a zaunar da ita, sai da ta miƙa sandarta ta bugi rufin ta ciki, ta saurara. "Yanzu ɗaki ne," ta ce, ta shiga. Yayyafi ya soma suna fita gari. A Buza aka tsaga ƙafar aka fitar da guntun ƙayar, kuma kafin a yanke gero Kaka ta koma korar awaki daga bakin turmi da ƙafarta.

Makon jiya motar kasuwa da na shiga daga Madawa ta kife da mu a gangaren wata ƙorama. Na fito da ƙujewa kawai, amma har yanzu in na ji an kunna inji sai in ja da baya don tsoro. Duk wanda na gaya wa sai ya ce in gode Allah, tsoro ne kawai, zai wuce, kuma gobe akwai aiki. Gaskiya suka faɗa, ban musa ba. Sai dai a ƙauyenmu na wancan lokaci, tsoron tsohuwa ɗaya ya isa a baro gona.