Muryar Madu da ta rage cikin wasan ƙwallo

Shekara biyar ke nan da rasuwar ƙanena Madu. Lissafin ba ya rikice mini, domin a shekarar ce kogin Komadugu ya cika ya shanye mana gonar tattasai a wajen Assaga, muka dawo cikin garin Diffa. Ruwan bai gama janyewa ba zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana shida Allah ya karɓi abinsa. Ya bar matarsa Falmata da ɗiyarsa Aisa, ko yaye ta ba a yi ba.

Madu ya yi lakwal, wato makarantar boko, ni ban yi ba. Gyaran waya yake a bakin kasuwa, kuma yana da tsohuwar kwamfuta da suke wasan ƙwallo a ciki bayan la'asar, shi da abokinsa Lawali, mutumin Damagaram mai shagon atamfa. Kwamfutar tana da wata dabara a jikinta: in ka danna maɓalli biyu tare, sai ta adana abin da ya gudana a wasan, har da maganar wanda ke kusa. Madu yana adanawa ne don Lawali ba ya amsa kaye. Washegari sai ya kunna masa ya ce, "Alhaji, ga shaida. Ko wannan ma hannunka ne ya yi zufa?" Ni kuwa faɗa nake masa, magidanci da wasan yara.

Bayan sadakar arba'in Lawali ya nuna mini inda bidiyoyin suke. Babu fuskar Madu ko ɗaya, sai ƴan mutane suna gudu a koren fili, amma muryar tasa ce, dariyar ma tasa. Na ce wannan na Aisa ne, zan ajiye mata har ta yi wayo.

Duk Juma'a nakan kunna. Ban iya karatu ba, hanyar kawai na haddace kamar hanyar gona. Wata rana rubutun Faransanci ya fito da wurin dannawa biyu. Na tuna Madu na hagu yakan danna, na danna. Da Lawali ya duba, sai ya ce, "Yaya, wuri ne ya cika, kwamfutar ta tambaye ka ko ta share tsofaffin. Ka ce mata to." Mun kai ta wajen masu gyara biyu, ba a samo komai ba. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda Madu ya taɓa aika wa Lawali a waya don tsokana.

A watan na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma da hannuna nake wannan rubutu, sannu a hankali. Yau samari a waya suke ɗaukar wasansu, su aika wa juna tun ba a tashi ba. Nakan tambayi kaina me Madu zai ce da ya ga haka. Ina jin zai ce sun samu sauƙi, sannan ya karɓi littafina ya nemi kuskure.

Bana na kunna wa Aisa. Ta ce, "Baba, wanne ne shi a cikinsu?" Na ce ba ya ciki, shi ne mai dariyar, shi ne kuma ke tafiyar da masu jar riga. Ta kalla sau uku, ta lura ko ya kai bakin raga sai ya miƙa wa wani ya ci. Haka yake a gida ma. Wannan halin nasa kam ya tsira, ta gani da idonta.

Sai ta tambaye ni ko ya kira sunanta. Ban yi mata ƙarya ba. Bidiyo arba'in da huɗu ne, uku suka rage. Arba'in da ɗaya sun tafi, kuma a biyu daga cikinsu yana kiran Aisa. Allah ya jiƙan Madu.